Faɗin Hannun Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, kwana biyu bayan ruwan sama na uku na daminar bana. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi tun ina ƴar shekara shida, kuma shi ne sarkin ruwan garinmu, wani ƙauye da ke bakin korama tsakanin Waca da Dungas. Ina Magariya, inda nake koyarwa a lakwal, aka kira ni a salula. Kafin motar tasha ta cika ta kawo ni har an kai shi an dawo.

Jama'a sun zo gaisuwa, ba laifi. Mu mata muna cikin gida tare da Iya, matarsa, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi. Zana ɗaya ce tsakaninmu, don haka duk abin da suka faɗa a kunnena. Wani ya ce babban bango ya faɗi. Wani ya ce daga yau ruwa ya zama maraya. Wani har da shessheƙa yake cewa an gama haihuwar irinsa. Na gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Mai zancen bango shi ne ya taɓa kiransa tsoho mai taurin kai a gaban baƙi. Mai zancen maraya da hannunsa ya zuba maganin ƙwarin gona a ƙaramin tafki shekara uku da suka wuce, kifi ya taso ciki sama, ya kwashe ya kai kasuwar Sassumbrum mutane suka saya suka ci. Mai shessheƙar kuwa bari in kama bakina, suruki ne.

Mutum ɗaya ne bai yabe shi ba. Wani tsohon Bafulatani ne, abokinsa tun suna samari, wanda ke shayar da shanunsa a tafkinmu. Ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce, "To, wa zai tsare ƙofa bana?"

Can sai wani ya yi gyaran murya ya ɗauko zancen tsadar taki, kowa ya tsoma baki da sauri.

Ranar sadakar uku aka shigo da babban baho cike da tarwaɗa, aka ce babban ɗan Kawu ne ya aiko a dafa wa masu gaisuwa. Aka miƙo mini wuƙa, wai ni ce ƴar gidan masunta. Na farke cikin ta farko, ƙwai ya zubo mini a hannu, kore-kore, mai yauƙi. Na farke ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na tura hannu cikin bahon ina matsa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ba ta da ƙwai. Matan da ke kusa da ni sai murna suke yi, wata tana cewa a ware ƙwan a soya wa yara. Na ajiye wuƙar na zagaya bayan rumbu na yi ta amai. Wata gwaggo ta biyo ni da buta tana cewa, "Haƙuri za ki yi, ɗiyata, mutuwa ce." Na bar ta a kan cewa mutuwar ce.

Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne abin amai a ƙwan kifi. A ƙasan gari muna da babban tafki da ba ya ƙafewa ko rani ya kai inda ya kai, nan kifi ke yin rani. A saman gari kuma akwai fadama, wadda ruwa ke malalewa da damina har ciyawa ta nutse. Korama ce ke haɗa su, kuma akwai wani wuri da take tsukewa, muna ce masa wuya. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku korama ta kawo, sai tarwaɗa masu ƙwai su baro tafki su yi ta hawa, su ratsa ta wuya, su shiga ciyawar fadama su zuba ƙwansu. Idan damina ta ja baya ƴaƴan su gangaro su cika tafki. Tun kakanni masunta ke kafa shinge na ƙirare a wuya, su jera gura a jikinsa, wato kwandunan da kifi ke shiga ya kasa fita, don ba za a hana mutane ci ba. Amma a tsakiyar shingen dole a bar ƙofa faɗin gaba guda, daga yatsan hannun dama zuwa na hagu idan mutum ya ware hannuwansa. Duk mai ƙwan da ta kuskure ta faɗa gura, a ɗauke ta a sake ta a gaba. Baho guda babu ko ɗaya marar ƙwai, ba sai an gaya mini daga ina aka kwaso su ba.

Sarkin ruwa ne ke auna ƙofar, da hannunsa. Allah ya yi Kawu dogo, hannuwansa kuma har sun so su yi masa yawa, ban taɓa ganin rigar da ta rufe masa wuyan hannu ba. Ranar kafa shinge yakan tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙirji, ya ware hannuwan nan ya miƙe yatsu, a kafa turke nan a kafa turke can. Sai ya tofar da tukar goro ya ce, "A ba masu ciki hanya." Haka yake kiransu, masu ciki. Masunta suna gunaguni cewa da wani ne ya auna da an samu wurin gura biyu, shi kuwa ko a jikinsa.

Ina ƴar shekara tara na taɓa samun wata ƙatuwar tarwaɗa ta maƙale a ciyawa bayan an ɗauke ruwa. Na rufe ta da zanena na rungumo ta da gudu, ina jin yau ni ce zan ciyar da gida. Kawu ya karɓa, ya danna cikinta da babban yatsa, ya kalle ni. Ya sa Iya ta ɗebo ruwa a ƙwarya aka sa ta ciki, aka ɗora mini a ka. Daga gida zuwa fadama tafiya ce mai ɗan nisa, ina gaba yana baya da sandarsa, kifin yana fantsama mini ruwa a fuska, masu gonar rake suna ta dariya. Da muka isa ya ce, "Sake ta. Ki ba ta haƙuri."

Na ce a ciki-ciki, "Yi haƙuri."

"Ban ji ba, ita ma ba ta ji ba."

Sai da na ɗaga murya ina kuka na ba kifi haƙuri. Kwana biyu ban gaishe shi ba. Rana ta uku yana cin tuwo ya ciro kan kifin da ke cikin miyarsa, wanda rabonsa ne ba ya ba kowa, ya ajiye a kwanona.

Kada a ɗauka mutum ne mai daɗin zama. Bai iya sannu ba, bai iya na gode ba, kuma duk inda ya zauna sai an share tukar goro. Kowa a gidan ya laƙaba masa sunan kifi. Wani ƙanensa mai yawan barci shi ne gaiwa. Ni ce kurungu, saboda gunaguni. Babban ɗansa kuwa, wanda taubashina ne tunda ni ƴar mace ce shi ɗan namiji, karfasa yake ce masa, wai ƙaya ta fi tsoka yawa. Mukan yi dariya a lokacin, ni na fi kowa, har da tsawo nake ƙara wa sunan.

Wata shekara da hatsi bai yi ba, ya kama wani magidanci da safe ya sa koma a bakin ƙofa, ya cika ta da masu ƙwai. Ya sa shi ya juye su a ruwa da hannunsa, ya yi masa tatas a gaban mutane har mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da la'asar ya sa Iya ta kwashi bandar kifin da muke ajiya da tiya biyu ta gero ta kai gidan mutumin. Ya ce mata, "Ki ce ke kika ga dama. In kika ce ni ne, ki wuce gidanku daga can." Iya ba ta ba ni labarin ba sai da na yi aure.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka shi da abokinsa Bafulatanin ke gyara wuya, domin yashi na cike ta, kacala kuma na toshe ta, ciyawar nan doguwa mai cin ruwa. Bafulatanin yakan koro shanunsa su yi ta kai da komo a cikin kacalar har su tattake ta, sannan mutanen gari su shiga da lauje da shebur. Shi kuma Kawu ya hana kowa kafa ƙugiya a mashayar shanu. Ban taɓa jin sun yi wata doguwar hira ba. Sukan zauna a gindin goriba ɗaya da ke bakin wuya, wannan na cin goro wannan na kallon shanu, rana ta yi su tashi.

Kuma Kawu ba ya ƙin baƙi, wannan ƙarya ce da aka yi masa daga baya. Bayan an gama girbi yakan buɗe ruwa a yi su na yini guda, kowa ya shiga tafki da komarsa. Mutane na zuwa daga Damagaram, daga Magariya, har daga ƙetaren iyaka, su sauka a gidajenmu. Iya kan yini a murhu. Baƙon da bai iya ba Kawu da kansa ke riƙe masa gora ya koya masa. Azahar na yi ya buga ƙwarya, kowa ya fito, ƙananan kifi a mayar da su ruwa. Baƙi su tafi da na tsaraba, mu ma mu ci har bazara.

Shekara huɗu da suka wuce wasu masu furoje, wato ma'aikatan wani shirin raya karkara, suka zo a katkat, motar nan mai shiga daji. Gaskiya sun yi abin kirki. Sun kawo kayan aiki aka sare kacala fiye da yadda aka taɓa sarewa, sun kawo ƴaƴan kifi a randunan roba aka zuba a tafki. An ce Kawu har durƙusawa ya yi yana yi wa ƴan kifin barka da zuwa. Suka ce garin nan zai iya zama wurin da mutanen birni za su riƙa zuwa buɗe ido, a kafa komite ya kula da ruwa. Aka kafa, taubashina ya zama shugaba. Masu furoje suka gama wa'adinsu suka tafi, suka bar mu da komite.

Komite ya zauna ya ga cewa su ɗin da ake yi bayan girbi bai isa ba, a ƙara wani da damina, lokacin da gari ya yi kore hoto ya fi kyau, yara suna hutun lakwal, mutanen birni suna da sarari. Ina gida ranar da aka zo gaya wa Kawu, a zaure, ina jin su daga tsakar gida.

Kawu ya ce, "Da damina ruwa a rufe yake. Amma in baƙi kuke so, ku kawo su. A shimfiɗa musu tabarma a bakin wuya, a dama musu fura, su zauna su ga yadda masu ciki ke hawa. Wanda bai taɓa gani ba ya ga abin ba da labari."

Ɗansa, taubashin nawa, ya yi dariya. "Haba Baba. Wa zai biya kuɗin mota tun daga Damagaram ya zo kallon kifi yana wucewa? Baƙo in bai ci ba ai bai zo ba."

"To ya ci bana. Baɗi ka yanka masa me?"

"Baɗi Allah na nan."

"Allah na nan, shi ya sa ya ba ka ido ka ga cikinsu."

A nan ne mai zancen bango ya ce masa tsoho mai taurin kai, a gaban wasu ƴan birni biyu da suka zo duba wurin da za a kafa rumfa. Kawu ya tashi ya shigo gida. Ya ɗauko goro ya kasa ɓarewa, sai Iya ce ta ɓare masa.

Ba su iya tuɓe shi ba, sai suka ɓullo ta wata hanya. Suka ce al'ada ta ce gaba guda, ba ta ce gaban wane ba. Suka nemo mutumin da ya fi kowa gajarta a garin, wani tela, suka tura shi ruwa ya auna, shi ma ɗin har da ɗan lanƙwasa gwiwar hannu. Manya da gemunsu suna tsaye a bakin ruwa suna cewa an cika al'ada. Da shekara ta zagayo aka ce kamu biyu ma ya isa, kifi ai ba raƙumi ba ne. Tun daga nan kullum bayan sallar asuba Kawu ke tafiya wuya, ya shiga ruwa ya tumɓuke turakun ya mayar da su faɗin hannunsa, ya fito ya zauna gindin goriba da jiƙaƙƙen wando yana gadi. Tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Suna ganinsa sai su bi ta wata hanya, ya tashi su dawo. A ruwan nan ya ɗauki tarin da bai sake shi ba.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. A shekarun nan aka fara tace ƴaƴan kifi da gidan sauro, sange kamar yadda muke cewa, irin wanda ake raba wa mata masu ciki a asibiti. Ba abin da ke tsira daga cikinsa, ko wanda bai kai ƙwayar wake ba. Taubashina yakan ba direba leda guda ta ƴan kifin nan soyayyu da yaji ya kawo mini Magariya. Ina ci da garin rogo ina lashe yatsa, har in kai wa abokan aiki. Na san girmansu, a gidan sarkin ruwa na tashi, amma ban taɓa tambaya ba. Bara Kawu ya zo ganin likita saboda tarin ya sauka a wurina. Ya ga kwanon a kan tabarma. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan farcensa, bai ma rufe farcen ba. Ya daɗe yana kallonsa, ya mayar cikin kwanon a hankali. Na kawo masa shinkafa da miyar kaza, ya ce ya ƙoshi. Yini guda ya yi a gidana, ruwa kawai ya sha. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, kuma shi ne zuwansa na ƙarshe.

Ranar kwana bakwai da safe Iya ta kira ni ɗaki. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, gadon Kawu a bayanta ba gidan sauro. Na tambaye ta ina sangen, ta ce babban ɗansa ya zo ya kwance washegarin jana'iza, wai yana son abin da ya taɓa jikin mahaifinsa don albarka. Na san sangen nan sarai, akwai inda ɓera ya ci Iya ta yi masa faci da ƙyallen wani tsohon shuɗin zanena.

Ta ɗaga tabarma ta ciro wata igiyar kaba mai ƙulli biyu. Ta ce kwana biyu kafin ya cika ya sa ta ɗage sangen, ya kwanta rigingine ya ware hannuwa, ya ce ta ja igiya daga yatsa zuwa yatsa ta ƙulle.

"Ya ce hannun zai tafi, a bar awon."

Na ce, "Wa ya ce a ba?"

"Bai ce ba. Na tambaye shi, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, ina jin ƴaƴansa yake bi ɗaya-ɗaya. Sai ya juya ya fuskanci bango." Ta ɗora igiyar a cinyata. "Ni wata huɗu da kwana goma ba ni fita. Kafin nan sun gama hawa. Je ki dubo mini ƙofa, ɗiyata."

A bakin kasuwa na tarar da matasa suna ɗaure wani dogon ƙyalle tsakanin itace biyu. Hoton Kawu ne a jiki, wanda aka ciro daga katinsa, fuska a murtuke. A ƙasa an rubuta cewa ranar Asabar akwai babban su na damina don tunawa da marigayi sarkin ruwa, ana gayyatar kowa. Abin da ya yi shekara uku yana shiga ruwan sanyi don ya hana, shi aka sa wa sunansa. Na tofar da yawu na wuce.

Tun kafin in isa wuya ƙarni ya tare ni. Shingen ya tashi daga wannan gaɓa har waccan, ba ƙofa ko ta taki guda. A tsakiya, inda Kawu ke tsayawa, an jera turaku an ɗaura wani farin abu da ya kumbura kamar cikin buhu. Sai da na matsa na ga shuɗin facin. Tarwaɗa sun cushe a ciki suna hawa kan juna, na ƙasa sun mutu sun yi fari, ƙwai ya fashe ya shafe ragar, ƙudaje sun rufe inda ya fito saman ruwa. A cikin wannan sangen ya ja numfashinsa na ƙarshe.

Taubashina na tsaye a gaɓa da mutum biyu da bahuna. A ɗaya gaɓar tsohon Bafulatanin ne zaune a gindin goriba. Daga baya ya gaya mini kullum yana zuwa, da ya yi magana aka ce masa ba ruwan mai shanu da kifi.

Taubashina ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malamarsu, ya ce, "A'a, Madan ce da kanta? An zo duba mu ko an zo karɓar na leda?"

Ta shige ni, domin gaskiya ce. Na ce, "Albarkar ke nan da ka ce kana nema a sangen ubanka?"

"Ke kina da albashi, wata ya mutu a miƙo miki. Mu nan sai mun tsoma hannu a ruwa. Baƙi na zuwa Asabar, mata sun sayi mai, ƴan moto masu ɗauko mutane sun sa rai. In ce musu su zo su kalli ruwa?"

Na cire takalmi na ɗaure zanena tamau na shiga ruwan. Rabona da shiga korama ya fi shekara ashirin, sanyinta ya sare ni har ƙirji. Na ɗaga igiyar sama. Tsohon ya gane awon Kawu ne tun daga nesa, ya ajiye sandarsa ya shigo, ya karɓi ƙulli ɗaya ya danne a jikin wani turke. Na ja ɗaya ƙullin har igiyar ta miƙe. Turaku bakwai ne a tsakani. Na kama na farko na yi ta jijjiga har ya fito.

Taubashina ya daka mini tsawa, ya sa ƙafa a ruwa. Na juyo na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai karfasa, wasa nake yi da kai! Yau kuma fushi za ka yi da wasan taubashi?"

Mutanen nan biyu suka fashe da dariya. Ya tsaya cak. A garinmu ko rawani taubashi ya tuge maka a tsakiyar kasuwa sai dai ka yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya, har jikokinsa sai an gaya wa. Ya yi wani yaƙe ya koma gaɓa. Na tumɓuke sauran shida yana kallo, na kwance sangen na zazzage shi.

Matattun suka bi ruwa suka gangara. Masu rai suka ɗan yi jim, sannan suka juya suka fuskanci ruwan. Na ji su suna gogar ƙafafuna suna wucewa, da ɗaya-ɗaya, sai kuma da yawa, baƙaƙen bayansu na ɓullowa suna nutsewa, gashin bakinsu a gaba, ciki ya yi musu nauyi amma suna turawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Kawu ya yi gaskiya, abin kallo ne, kuma da an kawo baƙi da sun ga abin ba da labari. Mu biyu ne kawai muka damu mu kalla, ni da mai shanu.

Da na fito taubashina na zaune a kan baho ya kife shi, yana feƙe wani sabon turke da adda. Bai ɗago ba ya ce, "Madan, yaushe ake komawa lakwal?"

Na ce sai damina ta wuce.

"To madalla. Lokacin ne ƴaƴan ke saukowa. Masu hawa naki, masu saukowa nawa." Ya ɗago yana murmushi. "Wasa nake yi, taubashiya."

Na kai wa Iya sangen. Ta ce, "Sun wuce?" Na ce sun wuce. Ban gaya mata sauran ba. Sau uku na wanke shi da sabulu ƙarnin bai fita ba, duk da haka ta sa na ɗaura mata a kan gadon, a ciki take kwana.

An yi su ranar Asabar a babban tafki, an kafa rumfa, an yi jawabi, an ce wai har hawaye mai zancen bango ya yi a ƙarƙashin hoton. Ban je ba, ina wuya. Kullum bayan asuba nan nake zuwa da igiya a ƙugu, in shiga in auna, in fito in zauna gindin goriba, nan ma na rubuta wannan a littafin shirya darasi. Taubashina kan wuce ya gaishe ni da fara'a, turakunsa na jingine a gaɓa sun kai goma sha biyu. Hutuna saura wata biyu, ya fi ni sanin lissafin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya yalwata masa kabarinsa fiye da faɗin hannunsa, ya buɗe masa ƙofa yadda ya buɗe wa bayin Allah da ba su da bakin gode masa. Mu kuwa da muka rage, da ni da na ci na leda da waɗanda suka cika ledar, idan aka auna mana da irin awonmu mun shiga uku.